Rediyon Sifaniyanci ya gaishe da Inna

Jiya na dawo daga aiki na tarar da Inna a falonmu na garin Sevran, nan Faransa, ta kasa kunne ga rediyo, ana ta zuba Sifaniyanci. Maƙwabciyarmu Marta, 'yar Kolombiya, tana gefenta tana feren dankali.

Wata biyu ke nan da Inna ta zo daga Maradi aikin ido. Likita ya hana ta kallon talabijin, kaɗaici har ya sa ta fara zancen komawa gida ba a gama magani ba. Na kama mata tashoshin kiɗa, ƙanwata ta turo mata na wa'azi daga Lyon, duk ta ajiye.

Na ce, "Inna, ke da ko Faransanci sai bonjour, me kike ji a nan?"

Ta ce, "Naka kafin waƙa ɗaya an yi talla uku, muryar ɗan talla kuwa ko da wane yare na san ta. Wa'azi ina so, amma ba a wuni ana yi mini faɗa ba. Waɗannan hira suke da mutanensu."

Ina dariya sai Marta ta yi mana alamar mu yi shiru. Ashe ta kira tashar, ta 'yan sa-kai ce. Sai ga mai gabatarwa yana ta kokawa da sunan Inna, "Hajiya Rabi de Maradi", yana yi mata fatan samun sauƙi.

Inna ta gyara ɗankwali ta amsa wa rediyon, "Amin ɗan nan, a gaida mutanen gida."

Ni shekarata tara a ƙasar nan, ba tashar da ta san sunana. Ku fa, an taɓa gaishe ku?