Kular da Na Runguma Har Keana

Ƙarar ƙanƙara tana kaɗawa cikin kular abinci ce ta raka ni ranar nan. Mun tashi da asuba daga Lafiya, ni da ƙanwar mahaifiyata. Kububuwa ce ta sari Kawu a gonar doya, a wani ƙauye kusa da Keana. Dasashinsa na ta zubar da jini, asibitin garin kuma ba su da maganin dafi. Tun da dare muka zaga kyamis-kyamis a Lafiya kafin mu samu, mai shagon ya ce kada mu bari ya ji zafi, shi ya sa muka sa shi a kular da ƙanƙara.

Direban motar haya ya so ya cusa kular a but tare da buhunan garin rogo. Na ƙi, na rungume ta a cinya. Wata mai sayar da lemo da ke gefena ta leƙo.

"'Yata, wannan abinci na wane ne? Ko miji ne ya kai haka?"

Da na faɗa mata, ta kwance ɗankwalinta ta rufe tagar da rana ke shigowa. Direban ma, da ya saba tsayawa cin ƙosai a Obi, wucewa ya yi yana haɗiyar yawu.

Gonaki sun yi kore shar, kunyoyin doya jere kamar masu sallah. Ni dai kunnena na kan ƙanƙarar, ƙararta na raguwa. Kafin mu hango hayaƙin matan da ke dafa gishiri a Keana, ruwa ne kawai ke motsi a ciki.

A asibiti, nas ta taɓa kwalaben maganin da bayan hannu. "Da sauran sanyi," in ji ta. Ta zuba maganin a ƙarin ruwa, ta ɗaura wa Kawu. Can da yamma ta ɗibi jininsa a 'yar kwalba, ta ajiye, muka zura ido. Da ta karkata ta, jinin bai zubo ba, ya daskare. Ta ce alamar maganin ya ci ƙarfin dafin ke nan. Ban taɓa zaton gudan jini zai yi mini kyau haka ba.

"Wa zai tone mini doyata?" shi ne abin da Kawu ya fara tambaya.

Na dawo Lafiya washegari, bakina cike da godiya ga Allah da mutanen da ban ko tambayi sunansu ba. Sai daga baya na san cewa masu haɗa magunguna kaɗan ne suka damu da wannan maganin, domin masu buƙatarsa manoma ne marasa takalmi. Na kuma ji cewa daga jinin doki ake tace shi. Ashe wani doki da ban sani ba, a wata ƙasa mai nisa, shi ya ba Kawu jininsa.