Ranar da Badaru ya fasa akwatin Alhaji Hudu

Badaru ƙanena ne, ɗan baffana, kuma tun muna Maradi na san halinsa. Zai ɗauki buhun siminti biyu bai ce uffan ba, amma miƙa masa takarda ka ce ya cike, yanzu zufa ta karyo masa. Shekara takwas ya yi a Lejiyon, rundunar sojan Faransa da ke ɗaukar baƙi, yana tuƙa manyan motoci a wuraren da har yau ba ya son ambata. Ya fito da ƙarfe a gwiwar hagu, ya auri Nazifa, suka zauna a Rillieux-la-Pape, arewa da Lyon. Aikin da ya samu gadin wani babban kanti ne, tsayuwar awa goma a bakin ƙofa. In ya dawo gida Nazifa ce ke cire masa takalmi, don ƙafar ba ta lanƙwasuwa.

Ranar da aka sallame shi daga soja an gaya masa yana da haƙƙi guda. Ofishin da ke kula da tsofaffin sojoji zai biya masa kuɗin koyon sana'a, muddin ya yi shekarun aikin da ake nema, ya kuma kai takardunsa cikin shekara uku da fitarsa. Shekarun aiki ya yi su har da ƙari. Shekara ukun ce ya yi ta jan ƙafa da ita, yau ciwo, gobe suna, jibi "sai bayan azumi". Burinsa ya zama malamin koyar da tuƙin mota, aikin da ake yi a zaune, kuma kuɗin makarantar ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Ni da Nazifa mun yi faɗa har mun gaji. Sai da ya rage wata biyu sannan ya tashi haiƙan, ya haɗa komai, saura takarda ɗaya: shaidar shekarun aikinsa mai hatimi, wadda ake aikowa daga ma'ajiyar soja. Ya nema, ya zauna yana duba akwatin wasiƙunsa na Rillieux kullum.

Ranar Talata da la'asar ya kira ni, muryarsa kamar ba tasa ba. Ya tambaya, an ce masa an aika takardar mako biyar da suka wuce, zuwa adireshin da ke cikin fayil ɗinsa. Gobe Laraba kuma ita ce ranar ƙarshe, ana rufe ofishin na Lyon ƙarfe huɗu.

Ban tambaye shi wane adireshi ba, na sani. Duk wanda ya sauka Paris daga wajenmu, kafin ya gane hanyar metro, jirgin cikin gari, sunansa ya shiga shagon Alhaji Hudu a unguwar Barbès. Mutum ba shi da ɗaki, yau yana wajen wannan gobe wajen wancan, to ina hukuma za ta rubuto masa? Sai shagon Alhaji, tsakanin atamfofi da akwatunan tafiya. Can baya akwai wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo, makullin na rataye a wuyan Alhaji. Shi ke karɓar wasiƙa, shi ke ɗaure ta kowa daban, kuma ba ya ba matarka, ba ya ba wanka, sai kai da hannunka. Badaru ya rubuta wannan adireshin ranar da ya shiga soja, bai taɓa canzawa ba. Na sha ce masa ya gyara, sai ya ce, "Yaya Raliatou, da wane ido zan dubi Baba Alhaji in ce na hidda sunana daga shagonai?" A wajenmu cire suna daga shagon kamar cewa ne ka ƙoshi da mutanenka.

Ƙarfe tara na safiyar Laraba na baro gidana a Sevran, bayan garin Paris, na tarye shi a tashar jirgi ya iso daga Lyon, yana ɗingishi, ya rungume jakar takardu a ƙirji. Ranar kasuwa ce, ƙarƙashin gadar metro ba masaka tsinke. Muka kutsa muka isa shago, muka tarar da Hajiya Zaituna, matar Alhaji, ita kaɗai a kan kujera.

"Alhaji ya tahi Sin sayen kaya tun shekaranjiya," ta ce. "Sai Lahadi."

"Makullin hwa, Hajiya?" in ji Badaru.

Ta nuna wuyanta, ta girgiza kai.

Sai goma da rabi muka samu Alhaji a waya. Badaru ya durƙusa kamar tsohon na ganinsa, suka shiga gaisuwa: ina gajiya, ina iyali, ya ƙafa, ya mutanen Lyon. Ina kallon agogon bango, wallahi minti huɗu suka ci. Da ya faɗi buƙatarsa sai Alhaji ya ce:

"Ɗana, akwatin ga ba naka ba ne kai ɗaya. Akwai sirrin mutum sittin ciki. Shekara ashirin da shida ba a taɓa buɗe shi bayana ba. Ka yi haƙuri in dawo."

"Baba, in anka kai Lahadi ta wuce ni. Yau ce ta ƙarshe."

"Ka tahi ka yi musu bayani da ladabi. Ai mutane ne, za su ɗaga maka."

Alhaji ɗan kasuwa ne, a ganinsa ranar ƙarshe ma abin ciniki ce. Badaru ya ce, "To, Baba," ya kashe waya. Na ji kamar in shaƙe shi.

Ya kira ofishin. Matar da ta ɗauka ta saurare shi da mutunci, ta ce ba ta da ikon ƙara ko kwana ɗaya, hoto ko kwafi kuma ba ya shiga, sai takardar asali a hannunta kafin huɗu. Jirgin da zai kai shi a kan lokaci yana tashi ɗaya saura 'yan mintoci. Badaru ya zauna a kan wani ƙunshin atamfa, ya miƙe ƙafar nan mai ciwo, ya zuba wa akwatin ido. Sha ɗaya ta wuce. Sha ɗaya da rabi ta wuce. Shekara takwas an koya masa in babba ya ce tsaya, ya tsaya, kafin nan kuma gidanmu ya koya masa haka nan.

Na kasa daurewa. "Badaru, kai za ka tsaya bakin ƙohwa har ka tsuhwa? Shekara nawa gwiwar ga za ta ƙara ɗaukarka? Ranar da ta ƙi, mi za ka ce ma Nazifa? Ka ce kunya ka ji?"

Bai dube ni ba. Hajiya Zaituna ce ta dube ni, ta daɗe tana kallona. Sha biyu da minti goma ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ɗauki kwando.

"Bari in sayo tumatir kahin a tashi kasuwa," ta ce, ba ta kalli kowa ba.

Tana fita Badaru ya tashi. Ya ɗauko ƙarfen da ake jawo ƙofar shago da shi, ya zura a kwaɗon, ya ce bismillahi. Sau biyu ya danna, na uku kwaɗon ya ɓalle ya faɗi ƙasa da ƙarar da nake ji har yau.

Ciki ɗauri-ɗauri ne, kowanne da roba, kowanne da suna a rubuce da ajami. Badaru ya kawar da kai gwargwadon iyawarsa yana neman nasa. Ni ce ban kawar ba. Idona ya faɗa kan wata ambulan mai tambarin asibitin masu ciwon daji, da sunan wani mutum da nake cin abinci a gidansa, wanda matarsa ƙawata ce, kuma na tabbata ba ta sani ba. Nan take na gane abin da Alhaji yake karewa. Ban gaya wa kowa ba, kuma ba zan faɗa ba.

Takardar na nan, ta uku a ɗaurinsa. Muka rufe murfin, na zauna a kansa ina gadi har Hajiya ta dawo, shi kuma ya ruga. Na hango shi yana ratsa masu kayan miya da ƙafa ɗaya da rabi, mutane na zaginsa.

Ya kama jirgin ana rufe ƙofofi. Sauran labarin a waya na bi shi, ina zaune gaban Hajiya. Wajen biyu da rabi ya rubuto cewa jirgi ya tsaya a tsakiyar gonaki, ba a faɗi dalili ba. Minti ashirin da biyar suka yi a wurin. Na yi duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Uku da minti ashirin da biyar ya sauka Lyon, ya faɗa tasi. Daga nan shiru. Na kira bai ɗauka ba, na sake kira bai ɗauka ba. Huɗu saura minti biyar waya ta yi ƙara, na ji numfashinsa kawai, sannan ya ce, "Yaya, an buga hatimi." Na fashe da kuka a gaban masu sayen atamfa, ban ji kunya ba.

Alhaji ya dawo ranar Lahadi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya kira mutanen nan sittin ɗaya bayan ɗaya, ya danƙa wa kowa ɗaurinsa, ya ce ya nemi wani adireshin, shi ya ajiye wannan amana. Badaru ya zo har Paris ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya kawo sabon kwaɗo. Alhaji ya amsa gaisuwarsa tsaf, ya ce ya yafe, amma bai karɓi kwaɗon ba.

Yau Badaru yana koyar da tuƙi a Lyon, a zaune, kuma an ce yana da haƙuri da masu tsoron titi. A watan jiya wata mata ta iso daga Maradi da ciwon ƙoda, tana kwana ɗaki-ɗaki wajen 'yan'uwa, asibiti na neman inda za su rubuto mata. Ta je shagon Alhaji kamar yadda aka kwatanta mata tun daga gida, aka ce an daina. Na kira Badaru a waya na ba shi labari.

"Yaya," ya ce, "da za a maido ni ranar nan, da na sake hwasa shi. Abin da ke cina ke nan."