Ranar da Muka Kalli Fim da Hajja a Tahaggart

A ƙarshen shekarun casa'in muna haya a unguwar Tahaggart da ke Tamanrasset, a Aljeriya, ni da maigidana, a gidan wata tsohuwa Balarabiya da kowa ke kira Hajja. Daga arewacin ƙasar aure ya kawo ta Tamanrasset, mijin ya rasu, ta zauna. Ta daɗe da 'yan haya Hausawa har ta iya Hausar kasuwa, ni kuma na tsinci Larabcin tsakar gida, da haka muke fahimtar juna.

Maigidana makanike ne, yana gyaran manyan motoci a In Amguel, sai ranar Alhamis yake dawowa. Wata Alhamis ya shigo da kaset ɗin bidiyo a aljihun rigarsa. Ya ce fim ne a kan yaƙin da mutanen ƙasar suka yi da Faransa, direbobi ba su da zance sai nasa. Wani ya ce masa bai taɓa ganin irinsa ba, wani kuma ya ce kwana uku ya yi abinci bai yi masa daɗi ba.

"To mene ne amfanin kallon abin da zai hana mutum cin abinci?" na ce.

"Ni ma ban sani ba. Mu gani dai."

Mu ba mu da tele, wato talabijin, Hajja ke da ita. Bayan sallar Juma'a na je na roƙe ta. Da ta ji abin da fim ɗin ya ƙunsa, sai ta ce mu shigo, ta aza shayi.

Labarin wata mata ne da sojoji suka zo ƙauyensu suka tafi da ɗanta, ta yi ta yawo daga bariki zuwa bariki tana tambaya. Babu kiɗa mai yawa a ciki. Akwai wurin da aka tara mazan ƙauyen a fili, rana na dukansu, hannuwa bisa kai, aka bar su haka har wani tsoho ya faɗi. Shayin ya huce babu wanda ya taɓa shi. Hajja ba ta yi kuka ba. Sau ɗaya ta yi magana, lokacin da matan fim ɗin suka fasa ihu.

"Ba haka ba ne," ta ce. "Mu shiru muka yi. Wa ya isa ya yi ihu?"

A nan na san ta ga abin da idonta. Ina cikin wannan tunani sai aka nuno ƙofar barikin. Sojoji biyu ne tsaye da bindigogi, baƙaƙe kamar ni, ɗaya har da zane a kumatu irin na mutanenmu. Matar ta durƙusa tana roƙonsu, ba su ko dube ta ba.

Babana tsohon soja ne. Yana saurayi Faransawa suka ɗebe su daga Damagaram, kuma tun ina yarinya na san Aljeriya aka kai shi. Abin da na sani ke nan, sai wata lambar ƙarfe da yake ajiyewa a cikin gwangwanin shayi. Ban taɓa tambayar kaina aikin da ya yi a can ba.

Da fim ya ƙare maigidana ya fita alwala. Hajja ta ce yayanta aka ɗauka haka, yana da shekara goma sha tara, har uwarsu ta mutu tana ajiye masa abinci. Ina iya yin shiru, ba wanda zai sani. Amma ina zaune bisa tabarmarta, na ji ba zan iya ba.

"Hajja, babana ya yi soja a ƙasar nan. A wancan lokacin."

Ta dube ni. Ta tattara kofuna, ta shiga ɗaki, ta rufe ƙofa.

Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Maigidana ya ce da ya sani da bai kawo kaset ɗin ba, fim ɗin da zai ɓata zaman mutane ba abin kallo ba ne. Wata maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi ta zo aron kaset ɗin, ta tambaye ni ko ya cancanci kallo. Na ce mata ya cancanta, amma sau ɗaya, kuma ta san wanda za ta zauna da shi. Har yau ra'ayina ke nan, ko da yake ban sake kallonsa ba.

A rana ta uku ina wanki Hajja ta zo ta zauna gefena, ta ja bokitin ɗauraya gabanta.

"Babanki yana da rai?"

"Yana da rai, Hajja."

"Shekararsa nawa da suka kawo shi?"

"Bai kai ashirin ba."

Ta matse zane ta miƙo mini. "Sa'an yayana ke nan," ta ce. Muka gama wankin tare.

Da damina na je gida. Na sami Baba a zaure yana gyaran igiyar guga, na ba shi labarin fim ɗin da na Hajja. Bai ɗago kai ba sai da na gama.

"An ce mu tsaya bakin ƙofa, mun tsaya," ya ce. "Mata suna zuwa tun safe. Ba ma jin yarensu, amma mun san abin da suke tambaya."

Na ce ko ya taɓa taimakon wata a cikinsu. Ya ce a'a. Ya ci gaba da ƙulla igiyar. Ranar da zan koma ya ba ni ƙullin kuka da daddawa, ya ce in kai wa matar nan, in gaishe ta. Na tambaye shi ko akwai wani saƙo bayan gaisuwar. Ya yi tunani, ya ce babu.