Yumɓun da Ya Ƙi Saki

Ku ji abin da ya same ni yau. Da asuba na kifa tsohuwar tukunyar da nake gini a kanta, na ɗauko ɗaya daga cikin ƙwarya biyu da na ajiye, ta toka da ta gari, na barbaɗa toka don kada yumɓu ya kama, na lulluɓe tukunyar da yumɓun. Da ya sha iska na zo ɗagawa, ya ƙi saki. Tukunyar gadon innata ce, ina tsoron ta fashe.

Na kira maƙwabciyata Iya Hassu. Ta ɗanɗana tokar, ta ce, "Ladi, ai garin gero ne."

Muka jiƙa yumɓun muka ɓare, tukunya ta fita lafiya. Sai na ɗora hannu a ka.

Ta ce, "Mene ne kuma?"

Na ce, "Iya, ɗaya ƙwaryar na aika wa ƙanwata mai jego a Ɗanzomo, ta dama kunu."