Wankan Gawar Baba

Ina shekara ta biyu da fara digiri na uku a fannin falsafa na zo gida Daura hutun Babbar Sallah. Bayan la'asar na zauna a majalisar ƙofar gidanmu. Ɗan baffana, wanda muka tashi ɗaki ɗaya da shi, yake sayar da kayan babur a bakin kasuwa, ya dube ni ya ce, "Kai wai me kake ta karantawa ne har furfura ta fara leƙo maka?"

Na faɗa masa gaskiya. Na ce ina nazarin muhawarar da masana suka daɗe suna yi, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, a kan dalilin da ya sa mutumin kirki yake shan wuya a duniya.

"Au, wato bincike kake ko Allah ya yi adalci?" Ya kwashe da dariya, kowa ya dara. Ni ma na dara.

Kafin hutu ya ƙare maganar ta zaga unguwa ta sake kama. Aka ce na ce babu hisabi. Aka ce a makaranta ba na sallah. A masallaci, dattijon da ke gefena a sahu ya janye ƙafarsa don kada ta taɓa tawa.

Baba dillalin shanu ne a karar Mai'adua, mutum ne marar yawan magana. Bai tambaye ni komai ba. Ya raka ni tasha, da mota za ta tashi ya ce, "Ka riƙe sallah." Na ce, "Ina riƙe da ita, Baba." Ya gyaɗa kai.

Da damina aka bugo mini da hantsi, wai Baba ya yanke jiki ya faɗi a kara, rai ya yi halinsa. Na faɗa mota, na iso ana shirin wanka. An kawo ruwa da ganyen magarya ƙofar ɗakinsa. Ni ne babban ɗansa, don haka na naɗe hannun riga na nufi ɗakin. Baffa, ƙanen Baba, ya tare ƙofa.

"Ina zuwa?"

"Baffa, zan kama wankan."

"Ba da wannan hannun ba."

Tsakar gida cike take da mutane. Na ce, "Baffa, ubana ne."

"Shi ya bar wasiyya. Ya ce kada ka taɓa shi."

Ɗan Baffa ya zo da buta, ya goge ni da kafaɗa ya ce, "Ɗan matsa, Farfesa." Ya shige, aka saki labule. Na tsaya a rana hannun rigata a naɗe, ina jin zubar ruwa. Ba wanda ya ce in zauna. A hanyar maƙabarta duk lokacin da na kai kafaɗa ga makara sai wani ya riga ni.

Bayan sadakar uku na shiga wurin Inna. Tana zaune a kan tabarma cikin takaba, carbi a hannu. Na durƙusa na ce, "Inna, don Allah, da gaske Baba ya faɗi haka?"

Ta ja carbinta. Can ta ce, "Ni dai ban ji ba."

Har na fara sakin numfashi, sai ta ƙara, "Amma kuma ban ji ya ce ka taɓa shi ba. Da likita ka karanta, da ko jininsa ka riƙa auna masa."

Na koma makaranta na kammala. Malaman da suka yi mini jarrabawar baka sun yaba aikin, har ɗaya ya tashi ya ba ni hannu. Yanzu Dakta ake ce mini a unguwa, cikin ladabi, amma in na tsaya ina wasa da yara sai a ƙwala musu kira daga cikin gida. Nakan zo in gaida Inna in juya kafin magariba.

Baffa ya rasu bara. Kafin rasuwarsa na je dubiya yana kwance, na tambaye shi maganar wasiyyar. Ya kalle ni sosai, sannan ya juya fuskarsa bango ya ce a rufo masa ƙofa, iska tana damunsa.