Wa Zai Duba Mini Yanzu, Dakta Noreen?

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, ina asibiti rungume da jikata ta fari, bakina ya ƙi rufuwa don murna, waya ta shigo: Dakta Noreen Pascoe ta yanke jiki ta faɗi a lambunta a nan garin Townsville, rai ya yi halinsa. Nan take na miƙa wa ’yata jaririyar.

Dakta, shekara sha tara ina kai miki kwalaben tsokar marasa lafiya ɗakin bincike. Da launin murfi nake bambanta su, har ranar da kika gano ban iya karatu ba. Ba ki tona ni ba. Kika ce, “Keli, tsohon banza, ajin yamma za ka shiga, ko in ɗauke ka a kafaɗa in kai ka.” Ina da shekara arba’in da shida na fara haɗa baƙi. Da wannan hannun nake rubuta miki yau.

Bara waccan aka ga kumburi a fankiriyas ɗina, tsokar nan da ke kwance bayan tumbi. Aka tsakuro kaɗan, aka rina, likitoci biyu suka duba suka kasa rabe ciwon daji da kumburin banza. Ke kuwa kika sa tsokar, ba tare da rini ba, a ƙarƙashin sabon madubinki na ƙara girman abu mai hasken leza, kika kira ni gaban allon na’urar, domin ba kya yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa. Zaruruwan tsokar koraye shar suka bayyana. Kika ce, “In sun miƙe kamar an taje su, akwai magana, daji ne. Naka kuwa a cukurkuɗe suke kamar sumarka. Tashi ka ba ni wuri.”

Watan jiya ciwon ya dawo, aka sake tsakurowa. Alhamis ɗin makon da kika rasu kika ce in zo mu duba tare.

Tsoro nake ji, Dakta. Na roƙi abokin aikinki Dakta Vella kada ya taɓa tsokar, don ban yarda da idon kowa ba sai naki. Kwana tara bayan rasuwarki tana ajiye, ina rama, ina kallon jaririyar nan ina tambayar kaina ko zan ga tafiyarta. Jiya ’yata ta ce, “Baba, so kake in riƙa nuna mata hotonka?” Da safen nan na kira Dakta Vella. Ya ce, “Litinin. Kujerarka na gaban allo.” Zan je, ko me zaruruwan za su nuna.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki. Ga mijinki Lindsay da ’ya’yanki, mu mutanen ƙasar Fiji na unguwar nan muna tafe da tabarminmu na ta’aziyya. Allah ya ba ku haƙuri, ni kuma ya ba ni ƙarfin zama a kujerar nan.

Isikeli Naivalu