Agogon da Aka Goge

A gidan gwanjon agoguna na New York, Lorraine mai tantance kaya tana kallon wani dattijo. Kwat ɗinsa ta yi masa yawa, daga gani rama ya yi a cikinta. Yana kwance hankici, sai ga agogon zinariya yana walƙiya.

"Na mahaifina ne," in ji shi. "Jiya na kai aka goge shi tas, kada ya ji kunya cikin tsara."

"Kash, yallaɓai!" in ji Lorraine. "Ai tsufan ake saye. Har sunan da ke baya an kankare."

Yana shafa bayan agogon da yatsa, yana laluben sunan. Wataƙila duk duniya ba mai tuna sunan nan sai shi. Ya kara agogon a kunne. Yana dai tafiya abinsa.